Kurakuran da aka fi yi wajen dafa kwampot ɗin tuffa mai kayan ƙamshi

Kwampot ɗin tuffa shi ne tuffar da aka yayyanka aka dafa da ɗan sukari da kayan ƙamshi har ta yi laushi, ruwanta ya yi kauri, amma gutsattsarinta suna nan ana ganinsu. A Faransa da Jamus da Ingila ana cin sa da yogot ko fanke. A wajenmu ya dace da kindirmo, da gurasa, da kunun gyaɗa na safe. Zamansa a kan wuta bai wuce minti 20 zuwa 25 ba. Duk da haka sau da yawa abin da ake saukewa ruwa ne tsululu, ko kuma dame mai launin ƙasa wanda kanumfari ya kashe wa ɗanɗano. Tushen matsalar shi ne ana dafa shi yadda ake dafa miya: ruwa da yawa, wuta mai ƙarfi, kayan ƙamshi a watsa ba awo. Tuffa ba ta jure ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Ma'aunin da za mu riƙa komawa kansa shi ne tuffa kilo 1, wato matsakaita 6 ko 7. Sukari cokalin cin abinci 5 zuwa 7, kimanin giram 60 zuwa 85. Ruwa cokali 4. Ruwan lemon tsami cokali 1 zuwa 2. Sandar kirfa 1. Kanumfari ƙwaya 2. Ɗanyar citta siraran yanka 3. Sai gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka tsinto.

Tun daga kasuwa

Uwargida, kuskuren farko a wajen saye ake yinsa. Yawancin tuffar da ke kasuwanninmu daga Afirka ta Kudu ake shigo da ita, kuma sunan irin yana rubuce a jikin katan, wani lokaci ma a 'yar takardar da ke manne da kowace ɗaya. Ido yakan tafi kan jar nan mai duhu mai sheƙi, mai ƙusoshi 5 a gindinta, wato Red Delicious ko 'yar'uwarta Top Red. Ita ce mafi muni a tukunya. Ba ta da tsami, kuma da ta ji zafi sai ta zama gari-gari, lami, ba ƙamshi. Koriyar nan mai tsami, Granny Smith, ita ce ke ba kwampot ɗanɗano mai rai. Golden Delicious mai launin rawaya-rawaya tana saurin laushi, wani sashenta ya narke ya ba da kauri. Pink Lady da Fuji suna riƙe jikinsu. Haɗi ya fi iri ɗaya: koriya 4 da mai zaƙi 2 ko 3. In jar kaɗai kika samu, ki ninka lemon tsamin, ki rage sukari zuwa cokali 3.

Tuffar da ta buge ta yi tabo ba matsala, a yanke wurin a yi aiki da sauran. Wadda ta fara ruɓa har ta yi fumfuna kuwa a zubar da ita ɗungurungum. Fumfunar tuffa tana fitar da wata guba da dahuwa ba ta kashe ta, kuma tana iya ratsawa ta wuce inda ido ke ganin ɓacin.

Wajen yanka ma ana sakaci. In wasu gutsattsarin manya ne wasu ƙanana, kafin manyan su nuna ƙananan sun narke. Ki yanka daidai, faɗin kowanne kamar santimita 2. Ki ƙwaƙule tsakiyar sosai, ba 'ya'yan kaɗai ba har da ɓawon nan mai tauri da ke kewaye da su, domin ko awa nawa zai yi a wuta ba ya laushi, sai dai ya maƙale a haƙori. Ɓawon waje kuma gara a fere shi. Tuffar da aka yi doguwar tafiya da ita sau da yawa ana shafa mata kakin da ke hana ta bushewa, kuma ɓawon yakan saɓule a tukunya ya riƙa yawo shi kaɗai.

Sai batun canza launi. Da zarar an yanka tuffa iska ta taɓa ta, wani sinadari da ke cikinta zai fara mayar da ita ruwan ƙasa. Tsami yana rage masa ƙarfi, zafi kuma yana kashe shi. Wasu sukan jiƙa yankakkiyar a roba cike da ruwa har su gama fera, sai zaƙinta ya zurare a ruwan, ita kuma ta shiga tukunya a jiƙe sharkaf. Abin da ya fi shi ne ki fara zuba ruwan lemon tsamin da ruwan cokali 4 a tukunya, ki riƙa yankawa kai tsaye a ciki, kina ɗan girgizawa bayan kowace ɗaya.

Ruwa da sukari, inda aka fi ɓata shi

Kusan kashi 85 cikin 100 na tuffa ruwa ne. Cokali 4 ɗin da muka ce a zuba aikinsu kawai su hana gindin tukunya kamawa kafin tuffar ta saki nata, wanda ba ya wuce minti 4 ko 5 in tukunyar a rufe take. Mai zuba kofi 1 ko 2 saboda ta ga tukunya a bushe, za ta wayi gari da tuffa tana iyo. Daga nan sai ta ƙara wuta don ruwan ya ƙone, kafin ya ƙone gutsattsarin sun watse. In hakan ta riga ta faru, kada ki ci gaba da dafa su tare. Ki tsame tuffar da matsami da zarar ta yi laushi, ki bar ruwan shi kaɗai ya tafasa a buɗe har ya koma kamar rubu'in yadda yake, sannan ki mayar da ita ciki.

Lokacin da aka zuba sukari shi ke yanke hukuncin yadda kwampot zai fito, kuma mutane kaɗan ne suka lura da haka. Abin da ke haɗe jikin tuffa wani sinadari ne mai suna pektin. Zafi yana narkar da shi, sukari da tsami kuma suna jinkirta narkewar. Saboda haka in gutsattsari kike so su fito rau-rau, ki zuba sukari tun farko, har ma ki cakuɗa shi da yankakkiyar tuffar ki bar ta minti 15 zuwa 20 kafin ki ɗora. Za ki ga ta zubo da ruwa da kanta, ta yadda ba sai kin ƙara ko cokali 1 ba. In kuwa mai laushi luguf kike so, na yara ko na shafa wa burodi, sai ki dafa ba sukari har ta narke, ki zuba shi a minti 3 na ƙarshe. Kuskuren shi ne a juya abin: a zuba sukari mai yawa tun farko ana jiran ta narke ta ƙi, ko a bar shi sai ƙarshe sannan a yi mamakin yadda gutsattsarin suka ɓace.

Yawan sukarin ma abin dubawa ne. Kwampot ba jam ba ne. Jam yakan kai kashi 60 cikin 100 na sukari, shi kuwa wannan bai kai rabin haka ba, kuma ana son a ji tuffar. Ki fara da cokali 5, ki ɗanɗana daga baya a cokalin da ya ɗan huce, domin harshe ba ya auna zaƙi daidai a abu mai tururi. In ya zarce, ki matsa ƙarin lemon tsami, ko ki goga koriyar tuffa 1 a ciki ki ƙara minti 5. Mazarƙwaila tana ba da ɗanɗano mai zurfi da launin zuma, amma tana danne ƙamshin tuffa in ita kaɗai aka sa, kuma takan zo da ɗan tsakuwa. Rabi ita rabi farin sukari ya isa, a narkar da ita a ɗan ruwan zafi a tace. Gishirin nan ɗan mitsitsi kada a raina shi. Shi ke fito da zaƙin, har a rage sukari ba a ji an rage ba.

Kayan ƙamshi

A nan hannunmu ya saba da yawa, domin shayi da kunu da zoɓo suna ɗaukar citta da kanumfari son rai. Tuffa ƙamshinta siriri ne. Kanumfari 2 sun ishi kilo guda, 3 iyaka ke nan. In aka kai 6 ko 8, man da ke cikinsa zai sa ɗaci, harshe kuma ya yi nauyi ya daina jin komai. Kuma ba ya tsayawa da aiki don an sauke tukunya, muddin yana ciki ƙarfinsa ƙaruwa yake yi, shi ya sa kwampot ɗin da ya yi daidai yau gobe sai a ji ya koma magani. Ki ƙirga abin da kika jefa, ki tsame adadin da kika jefa. Dabara mai sauƙi ita ce a soka kanumfarin a jikin yankan citta, sai a cire su gaba ɗaya.

Kirfa sanda ta fi gari. Garin yana dusashe launi, in ya yi yawa kuma ya sa ruwan yauƙi da ɗan ƙasa-ƙasa a baki. In gari kaɗai kike da shi, rabin ƙaramin cokali ya wadatar, a zuba a minti 5 na ƙarshe. Busasshiyar citta ta fi ɗanya zafi nesa ba kusa ba, saboda haka rubu'in ƙaramin cokali ne matsayinta. Gyaɗar ƙamshi a goga sau 3 ko 4 bayan an sauke. Kimba da masoro a bar wa kunu, suna rinjayar tuffa. Wanda kayan ƙamshi suka riga suka yi masa yawa ba ya gyaruwa da ƙarin sukari. Sai dai a dafa wata tuffar rabin kilo ba komai a cikinta a haɗe su.

Tukunya da wuta

Siririyar tukunyar alminiyom ba ta dace ba. Tsamin tuffa da na lemo yana cin ƙarfen, ya bar ɗanɗanon ƙarfe da launi mai toka-toka, ga saurin kamu. A nemi ta ƙarfe marar tsatsa mai kaurin gindi, mai faɗi, don tuffar ta baje. Ki rufe minti 10 a wuta ƙasa-ƙasa, sannan ki buɗe minti 8 zuwa 10 ruwan ya yi kauri. A kan gawayi, sai garwashin ya lafa ya yi toka a sama. Juyawa sau 3 ko 4 ta isa, a hankali daga ƙasa, domin yawan juyi shi ke farfasa gutsattsarin. In kika ji ƙauri, kada ki kankare gindin. Ki juye na saman a wata tukunya nan take, ki bar wanda ya kama.

Ana kuma yawan wuce lokacin saukewa. Pektin ɗin da ya narke a ruwan sai ya huce yake kamawa, don haka abin da ya yi kauri daidai a kan wuta zai daskare a kwano. Ki ja cokali a gindin tukunya. In hanyar ta buɗe na ɗan lokaci kafin ruwan ya rufe ta, ya yi. Masu dama garin sitaci su zuba don kauri suna jawo wa kansu ne: ɗanɗano ya dushe, ya yi danƙo, bayan kwana 2 a firij kuma ya tsinke ya fitar da ruwa.

Ajiya

Tunda sukarinsa kaɗan ne, ba ya kare kansa daga lalacewa. Kada ya wuce awa 2 a waje bayan an sauke, a lokacin bazara ma awa 1. Ki baje shi a faffaɗan kwano ya huce da wuri, ki zuba a kwalba mai tsabta busasshiya. A firij mai riƙe sanyi yakan kai kwana 5 zuwa 7. Inda ake yawan ɗauke wuta kada ki dogara da wannan lissafin, ki dafa na kwana 2 kawai, ko ki daskarar da shi kashi-kashi a firiza, inda zai kai wata 3 da kyansa, ki bar ɗan fili a saman mazubin domin yana kumbura. Zuba shi da zafi a tsohuwar kwalbar mayonis a rufe a ajiye a kan kanta ba adanawa ba ce. Ajiyar da ba firij tana buƙatar kwalabe masu sabon murfin da ke kama iska, a bar filin santimita 1 da ɗoriya a sama, a nutsar da su a tafasasshen ruwa, ta rabin lita minti 20 a wurare masu tudu irin Kano da Jos, kuma ba man shanu ba sitaci a ciki.

Na jarirai masu fara cin abinci a dafa shi ba sukari, ba gishiri, ba kanumfari, a nuƙe shi sumul. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, ko an dafa ta, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da tafasa ba ta kashewa. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, ko warin tsami mai kama da na burkutu, ko ɗigon fumfuna a sama, a zubar da ita duka, kada a kwashe saman a ci na ƙasa.