Inda ƙananan kamfanoni ke tuntuɓe wajen neman tallafin SBIR na NASA

Tun 1982 dokar Amurka ta wajabta wa manyan hukumomin gwamnati su ware wa ƙananan kamfanoni wani kaso na kuɗin bincike, a shirin da ake kira SBIR. A NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, tallafin zangon farko a 2024 ya kai dala 150,000 na aikin wata 6, na biyu kuwa har dala 850,000 na wata 24.

Takardu da dama suna faɗuwa tun injiniya bai gani ba. Dole kamfani ya zama na neman riba, mazauninsa Amurka, ma'aikatansa ba su wuce 500 ba, sannan fiye da rabin hannun jarinsa na 'yan ƙasa ne ko masu izinin zama na dindindin. Kamfanin da ke Kano ko Yamai ba ya ciki, komai kyan fasaharsa. Rajista a SAM.gov, shafin gwamnatin Amurka na masu neman kwangila ko tallafinta, kan ci makonni, don haka a fara ta tun kafin a buɗe gasar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tallata abin da kamfani ya riga ya ƙera. NASA tana fitar da jerin matsalolinta ne, kowace da lambarta, kuma da ita za a auna takardarka. In an nemi batirin da zai jure daren duniyar wata, wanda yake ɗaukar kusan kwana 14 cikin matsanancin sanyi, kalmar "ingantacce" ba ta isa ba. A rubuta nauyinsa, wutar da yake riƙewa, iyakar sanyin da aka gwada shi, da gwajin da za a kammala cikin wata 6. Haka ma'aunin nunar fasaha na TRL, mai mataki 1 zuwa 9: abin da ba a gwada shi a yanayi irin na inda zai yi aiki ba iyakarsa mataki na 4. Wanda ya kira shi na 6, masu tantancewa za su gane, kuma daga nan sun daina yarda da sauran alƙalumansa.

Sai rabon aiki. A zangon farko kamfani ne zai yi aƙalla kashi biyu cikin uku, kuma jagoran binciken dole fiye da rabin lokacin aikinsa ya zama na kamfanin. Farfesan da ke cikakken aiki a jami'a bai cika wannan sharaɗi ba. In jami'a ce ke da ɗakin gwajin, a koma STTR, shirin tallafi makamancin SBIR na haɗin gwiwar kamfani da cibiyar bincike, inda kamfani zai yi aƙalla kashi 40 cikin ɗari, cibiyar bincike kuma aƙalla 30.