Ga Mai Son Fita da Babur Zuwa Peak District a Lokacin Sanyi

Duk shekara, da zarar Nuwamba ta shigo, sai in ga ƙannenmu da suka iso Ingila a watan Satumba sun fara cigiyar babur. Wasu don zuwa wurin aiki suke nema, wasu kuma zaman ɗaki ne ya ishe su, suna so ranar hutu su fita su kaɗai su ga ƙasar da suka zo. Buri ne mai kyau, kuma ba zan hana kowa ba, domin mazaunin Sheffield ko Manchesta yana da Peak District a bakin ƙofarsa, yankin tuddai da kwaruruka wanda shi ne na farko da Birtaniya ta keɓe a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa a shekarar 1951. Daga tsakiyar Sheffield zuwa ƙauyen Castleton bai kai mil 20 ba. Amma na ga abin da wannan fita ta jawo wa mutane da yawa, shi ya sa nake so mu yi maganar tun kafin wani ya ba da kuɗin babur.

Batun iya tuƙi ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Mutanenmu sun iya babur, wannan ko maƙiyi ya shaida. Wanda ya goya mutum biyu da buhun masara a kan Jincheng ya ratsa kasuwar ƙauye ranar da take ci, ba za a koya masa riƙe kan babur ba. Komawa hannun hagu ma cikin mako guda yake zama jiki, in dai mutum ya kula a shataletale da lokacin da yake fitowa daga gidan mai. Sayen babur ɗin shi ma ba wuya: ka tabbata mai sayarwa ya nuna maka takardar mallaka da ake kira V5C, lambar jikin babur ta dace da wadda ke rubuce, ka biya harajin hanya da sunanka, kuma idan babur ɗin ya wuce shekara uku da fitowa, ya kasance yana da shaidar gwajin lafiya ta MOT.

Inda ake faɗuwa shi ne lasisi da inshora, kuma a nan ne raina yake ɓaci da gangancin wasu sababbin zuwa. Mutum zai ce maka ai yana da lasisin Nijeriya, an gaya masa yana aiki shekara ɗaya. Gaskiya ne, lasisin ƙasar waje wanda bai mutu ba yana aiki na tsawon wata 12 daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, amma a kan irin abin hawan da aka rubuta a jikinsa kawai. Ka ciro naka ka duba. Na babur a Nijeriya rukunin A ne, mafi yawanmu kuwa na mota muke riƙe da shi, kuma na mota ba ya halatta maka hawa babur a nan. Bayan wata 12 ɗin ma ba a musanya lasisin Nijeriya ko na Nijar ko na Gana da na Birtaniya, sai dai ka faro daga tushe. Saboda haka hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka nemi lasisin koyo daga hukumar DVLA, wanda kuɗinsa fam 34 ne idan ta intanet ka nema, sannan ka yi horon wuni ɗaya da ake kira CBT. Takardar CBT tana aiki shekara biyu, kuma tana ba ka damar hawa babur da bai wuce 125cc ba, da alamar L a gaba da baya, ba goyo, ba hawa manyan titunan da lambarsu ta fara da M. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana kama mutanen Manchesta ba su sani ba, domin idan ka sa Glossop, garin da ke bakin Peak District ta ɓangaren Manchesta, a taswirar waya, kai tsaye za ta jefa ka kan M67. Ka shiga saitin taswirar ka hana ta bin irin waɗannan tituna, ka bi A57 ta Denton da Hyde.

Inshora kuwa tana da tsada ga sabon zuwa, domin ba ka da tarihin tuƙi a ƙasar, kuma wannan tsada ce take tura yaranmu hannun mazambata. Akwai masu tallata inshora mai araha a WhatsApp da Facebook, wani lokaci ma da harshen da kake ji, su karɓi kuɗinka su turo maka takarda mai kyan gani, alhali ko dai ta bogi ce, ko an cike ta da adireshin ƙarya da shekarun ƙarya, ko kuma a soke ta bayan kwana kaɗan dillalin ya karɓe kuɗin. Araha ba ta ado. Na taɓa raka wani yaro, ɗalibi mai hankali da ladabi, zuwa filin da ake ajiye ababen hawan da aka kama. Ranar Lahadi ya fita shan iska, bai yi gudu ba, bai taka dokar hanya ko ɗaya ba, amma kyamarar motar 'yan sanda da ke karanta lamba ta nuna babur ɗinsa ba shi da inshora. A gefen hanya aka sauke shi, da hular kwano a hannu, cikin sanyin da ya sa ya kasa danna wayarsa, ya jira bas zuwa gari. Takardar da ya nuna musu da ƙarfin gwiwa ba ta cikin rajistar kowa. Hukuncin tuƙi ba inshora tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a kan lasisi, ban da kuɗin ɗauke babur da na ajiyarsa da ke ƙaruwa kullum, kuma ba za a sake maka shi ba sai ka kawo inshora ta gaskiya, wadda a lokacin ta ƙara tsada saboda makin da ke kanka. Mun yi yawo tsakanin ofishin 'yan sanda da filin ajiya, muna ta kiran kamfanoni suna ƙin karɓarsa, har lissafi ya nuna kuɗin fansar babur ɗin ya kusa kuɗin sayensa. Mai zambar kuwa ya riga ya rufe lambarsa.

Abin bai tsaya a aljihu ba. Idan magana ta kai kotu, hukuncin yana shiga tarihinka, kuma takardun neman ƙarin biza da na zama na dindindin suna tambayar laifuffukan da aka taɓa yanke wa mutum hukunci a kansu, har da na tuƙi. Don haka ka sayi inshora kai tsaye daga kamfani ko ta sanannun shafukan kwatanta farashi, ka faɗi gaskiyar inda babur yake kwana, ko a gareji ko a bakin titi, sannan bayan 'yan kwanaki ka sa lambarsa a shafin askMID na rajistar inshorar ababen hawa ka ga ko ya fito. Ka kuma karanta irin amfanin da aka rufe maka. Inshorar yawon shaƙatawa daban, ta zuwa wurin aiki sai an ƙara, ta kai abinci don a biya ka kuma wata aba ce dabam ɗungurungum. Mai bizar karatu ma ya sani cewa dokar bizarsa ta hana shi aikin dogaro da kai, kuma yawancin aikin kai abinci a babur a wannan rukuni yake.

To, a ce takardu sun kammala. Abu na gaba shi ne sanyi, kuma ba sanyin hunturun da muka sani nake nufi ba. Haɗarin da ya fi kowanne shi ne siririyar ƙanƙarar da ke kwanciya a kan kwalta bayan daren da sama ta yi garau, wadda ido yake ɗauka jiƙa ce kawai. Wanda ya taɓa shiga rairayi a kan kwana ya san yadda tayar gaba take zamewa ba sallama, sai dai rairayi ana hango shi daga nesa, wannan kuwa ba a hango ta. Tana daɗewa a kan gadoji, da ƙarƙashin itatuwa, da gefen katangun dutse inda rana ba ta kaiwa, ko da sauran hanyar ta bushe. Motocin ƙaramar hukuma suna watsa gishiri a manyan hanyoyi, amma ƙananan hanyoyin ƙauye, waɗanda su ne masu kyan, da yawansu ba a bi ta kansu. Kuma zafin da wayarka ta nuna na cikin gari ne. Duk hawan mita 100 yana rage fiye da rabin digiri, saboda haka digiri 3 a Sheffield yana iya zama sifili a kan tudu. Ni ƙa'idata ita ce, idan hukumar hasashen yanayi ta Met Office ta nuna dare ya sauka ƙasa da digiri 3, ko ta fitar da gargaɗin ƙanƙara ko da mai launin rawaya ne, babur ya kwana a gida.

Saboda wannan dalili nake roƙon sabon zuwa ya bar hanyoyi biyun da suka fi suna sai watan Afrilu. Snake Pass, wato ɓangaren A57 tsakanin Glossop da madatsar ruwa ta Ladybower, tana hawa sama da mita 500, kuma tana cikin hanyoyin da ake fara rufewa idan dusar ƙanƙara ta sauka. Haka ma A537 tsakanin Buxton da Macclesfield, wadda ake kira Cat and Fiddle, ta yi ƙaurin suna wajen haɗarin masu babur har aka kafa mata kyamarorin auna matsakaicin gudu. Kwari ya ishe ka kallo. Daga Sheffield ka bi A57 zuwa Ladybower, tafkin da aka gama gina madatsarsa a 1943 kuma ruwansa ya haɗiye ƙauyukan Ashopton da Derwent, ka tsaya ka ga hazo kwance a kan ruwa da safe. Daga nan ka gangara Bamford, ka shiga kwarin Hope zuwa Castleton, inda tudun Mam Tor yake tsaye a gabanka. Tsohuwar hanyar da ke ƙarƙashinsa an haƙura da ita tun 1979 saboda zaftarewar ƙasa, ita kuwa Winnats Pass da ta maye gurbinta tana da tsananin gangara, kada ka gwada ta da ƙaramin babur a jiƙe. Ka juyo ta Hathersage, ka bi Grindleford da Calver zuwa Bakewell, in lokaci ya ba da dama ka miƙe A6 zuwa Matlock Bath, matattarar masu babur ranar Lahadi. A can za ka ga dattawan Turawa masu furfura suna zagaya baburan juna, kuma ko 125cc ka zo da shi za su tsaya su yi hira da kai. A duk tsawon hanyar ka sa ran tumaki a tsakiyar titi, da taɓon da tarakta ta zubar, da ruɓaɓɓen ganye, da ƙarafan da ake shimfiɗawa a ƙasa don hana dabbobi wucewa, waɗanda ake takawa a miƙe ba tare da taɓa birki ba. Alamar da ta halatta mil 60 a awa iyaka ce kawai, ba wanda ya ce sai ka kai ta.

Lokaci shi ma gajere ne. A tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kuma kafin huɗu ta faɗi. Ka fita wajen goma, bayan ƙanƙarar dare ta narke, ka kama hanyar gida da ƙarfe biyu da rabi, domin rana tana yin ƙasa ta riƙa dukan ido, kuma da ta ɓace sanyi yake dawowa kan kwalta. Azahar da La'asar duka za su same ka a hanya, saboda haka ka fita da alwalarka da ƙaramar darduma, ka tsara inda za ka tsaya. Ƙauyukan nan ba su da masallatai, amma ban taɓa ganin wanda ya tanka wa mai salla a gefen wurin ajiye motoci ba.

Game da sutura, doka hular kwano kawai ta wajabta, amma hankali ya wajabta sauran. Ka sa riguna marasa kauri guda biyu ko uku a ciki, rigar babur mai hana ruwa da iska a waje, da abin rufe wuya, da takalmi mai rufe idon sawu. Kada ka yi rowa a kan safar hannu, domin yatsun da suka sandare ba sa jan birki a kan lokaci, kuma mutum ba ya gane sun sandare sai ya buƙace su. Gilashin hula yana yin tururi da numfashi, akwai ɗan faifan roba da ake manna masa daga ciki don hana hakan. Duk bayan minti arba'in ka tsaya ka sha shayi mai zafi daga fulas, kuma idan ka ji jikinka yana karkarwa ko tunaninka yana yin nauyi, ka shiga shagon shayi mafi kusa ka zauna har ka dawo daidai.

Tunda kai kaɗai ne, ka rubuta wa ɗan'uwa ɗaya hanyar da za ka bi da lokacin da za ka dawo, kuma ya zama wanda zai neme ka in bai ji ka ba. Alhamdu lillahi wannan ba ya yi mana wuya, ko'ina muke a ƙasar nan akwai wanda zai bar aikinsa ya ɗauko ka. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a wasu kwaruruka, batiri kuma yana saurin mutuwa a sanyi, don haka ka sauke taswira a wayar tun daga gida, ka ajiye ta a aljihun ciki kusa da jikinka. Lambar gaggawa 999 ce. Ka cika tanki kafin ka bar gari, ka duba iskar taya da fitilu, kuma kada zanen tayarka ya kusanci milimita 1 da doka ta iyakance. Idan ka dawo, ka bari inji ya huce, ka wanke babur da ruwan sanyi a ranar, musamman ƙarƙashinsa da birki da sarƙa, sannan ka sa wa sarƙar mai, domin gishirin hanya yana cin ƙarfe cikin 'yan kwanaki.