Yadda Ake Gwajin Raba Saiwa Don Ganin Yadda Shuka Ke Jin Ƙishirwa

Duk mai noman rani ya san kamannin tumatir idan ƙishirwa ta kama shi: ganye ya yi yaushi, kai ya sunkuya. Sai dai kafin ido ya ga wannan, shukar ta daɗe da fara tsimin ruwa. A bayan kowane ganye akwai dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iskar da shuka ke haɗa abinci da ita take shiga, ta nan kuma ruwa ke fita ya bi iska, har fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da saiwa ta sha. Da ƙasa ta fara bushewa, sai shukar ta ƙara yawan wani sinadarin aike da ake kira asid absisik, ko ABA a taƙaice. Shi ke sa ƙwayoyin halitta biyu masu gadin kowace ƙofa su fitar da sinadarin fotashiyam, ruwan cikinsu ya bi shi, su saki jiki, ƙofar ta rufe.

A farkon shekarun 1960 aka gano sinadarin, a wuri biyu kusan lokaci ɗaya: Frederick Addicott a Kalifoniya yana binciken abin da ke kaɗe 'ya'yan auduga, Philip Wareing kuma a Birtaniya yana neman abin da ke sa tohon itatuwa barci lokacin sanyi. A 1969 ne aka lura cewa yawansa yana ninkuwa sau da dama a ganyen alkamar da ta yi yaushi. Tambayar da ta biyo baya ita ce: ganye ne ke jira sai ya rasa ruwa, ko saiwa ce ke aiko masa da labari tun da wuri? A 1985, Blackman da Davies na Jami'ar Lancaster a Ingila suka raba saiwar masara gida biyu, suka riƙa shayar da rabi, suka bar rabi ya bushe. Ganyen bai rasa ruwa ba, amma ƙofofinsa suka fara rufewa. Wannan gwajin ne malamin kimiyyar noma ko ɗalibi zai iya maimaitawa da gorunan roba da sikelin kicin.

Mataki na farko shi ne haɗa kaya. Ka nemi dashen tumatir iri ɗaya, 'yan mako uku zuwa huɗu, guda 20 masu kusan girma ɗaya. Goma sha biyar za ka yi aiki da su, sauran na ko-ta-kwana ne, domin wasu ba za su jure rabon saiwar ba. Sai gorunan ruwa na lita ɗaya da rabi, biyu ga kowace shuka, da salatif, da farar leda, da abin awon tsawo, da sikeli mai ɗaukar kilo 5 wanda ke nuna gram ɗaya-ɗaya. Kar ka ɗauki wake, ba ya son dashe, kuma saiwarsa ba ta rabuwa gida biyu cikin sauƙi. Mai son gwada juriyar irin wake yana da hanyarsa daban, wato gwajin akwatin katako da B. B. Singh da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta IITA a Kano suka bayyana a 1999, inda irin waken da ake kira Ɗan Ila da Kanannado suka nuna dauriya.

Na biyu, ka yanke wuyan gorunan, ka huda gindinsu don ruwa ya riƙa tsiyaya, ka ɗaure su biyu-biyu da salatif, baki na taɓa baki. Ka naɗe su da takarda ko tsohon buhu, don rana kan dafa saiwa a cikin roba mai haske. Ƙasar kuma ka cakuɗa ta gaba ɗaya a wuri guda, yashi da jar ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ka tankaɗe, ka auna wa kowace gora nauyi ɗaya. Wanda ya yi ganganci a nan, ƙarshenta ƙasa zai gwada ba shuka ba.

Mataki na uku shi ne mai wuyar, kuma a nan ake asarar dashe. Da yamma za ka yi shi, bayan rana ta yi sanyi. Ka ciro dashen da ƙasarsa, ka tsoma a bokitin ruwa, ka girgiza a hankali har ƙasar ta zube. Za ka ga doguwar saiwa a tsakiya da ƙanana suna fita daga gefenta. Ka datse ta tsakiyar da reza mai tsabta, ka bar kamar santimita biyu, sa'annan ka raba ƙananan gida biyu daidai gwargwado. Ka ɗora gindin shukar a kan mahaɗar gorunan kamar mahayi a kan sirdi, rabin saiwa a dama, rabi a hagu, ka rufe da ƙasa, ka kafa tsinke ka ɗaure karan. Gindin da ya rage a sarari ka lulluɓe shi da ɗan jiƙaƙƙen tsumma na 'yan kwanaki. Daga nan sai haƙuri: kwana 10 zuwa 14 kana shayar da ɓangarorin biyu, kwanakin farko a inuwa. Idan ka ɗage takardar ka ga fararen saiwoyi sun bayyana a jikin gorunan duka biyu, shukar ta shirya. Wadda gefe ɗaya kawai ta yi saiwa, ka fitar da ita.

Na huɗu, ka rufe saman ƙasar da leda, ka ɗaure ta a jikin kara, ta yadda ruwa ba shi da mafita sai ta ganye. Ka tanadi goruna biyu masu ƙasa ba shuka, su ma a rufe, don su nuna maka abin da ke sulalewa ta gefen ledar. Wurin ajiya ya zama mai samun rana amma ruwan sama ba ya isa. Lokacin hunturu ya fi dacewa. A zafin Maris da Afrilu, ko shukar da ta ƙoshi da ruwa takan yi laushi da tsakar rana, sai ta ruɗe ka.

Yanzu sai awo, kuma lissafinsa mai sauƙi ne, tunda gram ɗaya na ruwa daidai yake da mililita ɗaya. Kullum bayan la'asar ka auna kowace shuka da gorunanta, ka rubuta. Ka ba ta ruwa har ya ɗigo ta ƙasa, ka jira awa ɗaya ya tsiyaye, ka sake aunawa. Bambancin awon bayan shayarwa na jiya da awon kafin shayarwa na yau, shi ne ruwan da ta fitar a yini ɗaya. Ka yi haka kwana uku kowa na shan ruwa, don ka san ƙa'idar kowace shuka, domin mai faɗin ganye dole ta fi 'yar uwarta sha. Da kanta za ka riƙa gwada ta daga baya.

A rana ta huɗu ka kasa su uku, biyar-biyar, ta hanyar ƙuri'a, kar ido ya zaɓa maka. Kashi na farko ya ci gaba da shan ruwa ta gefe biyu. Na biyu gefe ɗaya kawai, kullum gefen nan. Na uku a yanke masa ruwa ɗungurungum. Ka riƙa sauya musu wurin zama kowace rana, kuma a kowace shuka ka ɗaura zare a wani ƙaramin ganye mai tasowa, ka riƙa auna tsawonsa.

Kashi na uku ba zai ba ka mamaki ba, ruwan da yake fitarwa zai yi ƙasa, daga baya ya yi yaushi. Hankalinka ya koma kan na biyu. Ka duba su da sassafe da kuma tsakar rana. Abin da ake sa ran gani shi ne ganye tsaye garau kamar na kashi na farko, amma sikeli na nuna sun rage fitar da ruwa, ganyen mai zare kuma ya rage saurin girma. Bambancin ba lalle ya yi yawa ba, shi ya sa shuka biyar ta fi ɗaya. Idan akwai madubin ƙara girma na ɗakin gwaji (microscope) a makarantarku, ka shafa man farce marar launi a bayan ganye, ya bushe, ka ɗago shi da salatif, ka manna a gilashi. Hoton ƙofofin zai fito, ka ƙirga buɗaɗɗu da rufaffu. Ganyen tumatir yana da gashi, don haka sai an yi ta gwadawa kafin a samu mai kyau.

Mataki na ƙarshe shi na fi so. Lokacin da bambancin ya fito fili, ka ɗauki shuka biyu daga kashi na biyu, ka yanke duk saiwoyin da ke cikin busasshiyar gorar. A 1990 Gowing da Davies da Jones sun yi haka da itacen tuffa, sai girman ganye ya farfaɗo. Ba a ƙara wa shukar ko ɗigon ruwa ba, an ma rage mata saiwa, amma ta saki jiki ta ci gaba da girma, alamar cewa waɗancan saiwoyin ne ke aiko da saƙon a yi tsimi.

Kar ka rubuta a rahotonka cewa ka auna ABA, sikeli ba ya ganinsa, sai na'urorin ɗakin gwaji. Masana ma sun sauya ra'ayi a kan mene ne saƙon. Gwaje-gwajen auren tumatir, inda aka haɗa kan mai ABA da gindin wanda ba ya iya yin sa sosai, sun nuna cewa ABA ɗin da ganye ke haɗawa da kansa ya isa ya rufe ƙofofin. A 2018 kuma masu bincike a Japan suka gano wani ɗan guntun furotin, CLE25, da ke tasowa daga saiwa ya sa ganye ya ƙara haɗa ABA.

Idan ka bar gwajin ya yi tsawo, za ka iya ganin kashi na biyu ya koma shan ruwa kusan kamar da. Gorar ta bushe ƙarƙaf, ruwa ya daina hawa daga gefen, saƙon ya rasa abin hawa. Saboda haka ne masu gonakin inabi a Ostareliya, da suka mayar da dabarar hanyar ban ruwa a shekarun 1990, suke juya gefen shayarwa duk bayan kwana 10 zuwa 14. Ka juya naka ma a sauran shuka ukun, ka ci gaba da awo na mako guda.