Babi na Bakwai: Jona Rautarka da Akwatin Kamfanin Intanet

Darasi na 1: Kayan aiki

Na'urar da kamfanin intanet ya ba ku, ko MTN ne, ko Airtel, ko masu jawo kebul har gida, ita ce ke kawo intanet. A wannan babi za mu riƙa kiranta akwatin kamfani. Sau da yawa ƙarfinta ba ya wuce falo, balle a gida mai kaurin bango. Shi ya sa ake sayen rauta ta biyu, wato wata na'urar mai baza Wi-Fi, a kai ta cikin gida. Wannan ita ce rautarku.

Ku nemi kebul ɗin intanet guda ɗaya, mai kan roba a kowane baki. A shago ku ce Cat5e ko Cat6, kada tsawonsa ya wuce mita 100. Ku duba bayan akwatin kamfani, dole ya kasance yana da ramin kebul, domin yawancin ƙananan MiFi na aljihu ba su da shi. Kowace na'ura a bar ta da cajarta: wata 9V take ci, wata 12V.

Darasi na 2: Ramin da ya dace

A nan aka fi tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Ku juya bayan rautarku. Galibi za ku ga ramuka huɗu a jere masu launi ɗaya, an rubuta LAN a ƙarƙashinsu. Akwai rami ɗaya da ya ware kansa, launinsa daban, a yawancin TP-Link shuɗi ne. An rubuta masa WAN, ko Internet. Ku ɗora yatsa a kansa, ku karanta harafi-harafi: W, A, N. Harafin farko kaɗai ya raba shi da LAN. Wancan da L ya fara, wannan da W.

Bakin kebul ɗaya ya shiga LAN na akwatin kamfani. Ɗaya bakin ya shiga WAN na rautarku. Ku tura har sai kun ji ya yi ƙas. Mu sake: LAN a wajen kamfani, WAN a wajenku.

WAN kamar zaure yake, ta nan intanet ke shigowa. Ramukan LAN ƙofofin ɗakuna ne, ta nan ake raba shi ga kwamfuta da talabijin. Idan kuka kuskure kuka sa kebul a LAN ɗin rautarku, na'urorin biyu za su shiga raba wa wayoyi adireshi a lokaci guda. Waya ta kama Wi-Fi amma ta ce babu intanet, ko ta yi aiki yau ta ƙi gobe. Wanda ya yi kuskuren nan kada ya ji kunya, ramukan girmansu ɗaya ne. Ya zare, ya mayar WAN.

Kafin ku kunna wuta, ku sake dubawa. Wane harafi ne a farko? W. Madalla. Ku fara kunna akwatin kamfani, ku ba shi minti biyu, sannan rautarku.

Darasi na 3: Saiti

Ku kifa rautar. Akwai takarda manne a ƙasanta mai ɗauke da sunan Wi-Fi, da kalmar sirri, da adireshi, misali 192.168.0.1. Ku kashe datar wayarku, ku haɗa ta da wannan Wi-Fi. Ku buɗe Chrome, ku rubuta adireshin a layin da ke can sama. Ɗigo ne tsakanin lambobin, ba waƙafi ba, kuma ba a barin fili. Idan ta tambayi irin haɗin, ku zaɓi Dynamic IP.

Ku duba takardar akwatin kamfani ma. Idan rukunin lambobi ukun farko na adireshinsa, misali 192.168.0, iri ɗaya ne da na rautarku, za su yi karo, kamar gida biyu masu lamba ɗaya a layi guda. Wasu rautoci na gyara wannan da kansu. Idan taku ba ta gyara ba, ku shiga Network, sannan LAN, ku mayar da adireshinta 192.168.5.1, ku danna Save. Za ta mutu ta sake tashi, shafin ya ɓace. Ba lalacewa ta yi ba, da sabon adireshin za ku koma.

Darasi na 4: Kalmar sirri

A saitin tsaron Wi-Fi ku zaɓi WPA2, ku sa kalmar da ba ta gaza haruffa 8 ba. Haba jama'a, 12345678 ba kalmar sirri ba ce, yaran unguwa da ita suke fara gwaji. Ku canza kalmar sirrin shiga saitin rautar ita ma, ku rubuta duka biyun a littafi.

Darasi na 5: Idan ta ƙi

Kada kowa ya ce rauta ta lalace alhali bai leƙa bayanta ba. Sau nawa za a faɗa? Kebul a WAN. Idan yana nan, ku danne ɗan ramin Reset da tsinke na kusan daƙiƙa 10, ku koma Darasi na 3. Na rautarku fa, kada ku taɓa na akwatin kamfani.

Darasi na 6: Kyamarar tsaro

Idan kyamarar da kuka jona da rautarku ta ƙi nunawa daga nesa, ku mayar da rautarku Access Point, wato ta riƙa baza Wi-Fi kawai ta bar wa akwatin kamfani raba adireshi, ko ku nemi kamfani ya sa akwatinsa a Bridge, wato ya miƙa intanet kai tsaye ga rautarku.