Kiɗa Ɗaya, Mawaƙa Da Yawa: Inda Masu Sauraron Reggae Ke Kuskure

Wanda ya fara sauraron roots reggae, wato tsohon salon reggae na Jamaika, yakan ji waƙoƙi uku ko huɗu a kan kiɗa iri ɗaya, sai ya yanke hukunci cewa wani ya saci na wani. Wannan zargi yana mini ciwo, domin yana zubar da mutuncin waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba. A Jamaika sunan irin wannan kiɗa ridim, kuma da gangan ake raba shi ga mawaƙa. Biyan makaɗa da hayar situdiyo ba ƙaramin kuɗi ba ne a Kingston, don haka furodusa kan ɗauki kiɗa sau ɗaya, ya riƙa kiran mawaƙa suna hawa, kowa da baitocinsa. A bayan faifai kuma akan saka kiɗan zalla ba murya, irin su U-Roy su zuba magana a kai a wuraren rawa. Kafin ka ce sata, nemi sunan ridim ɗin da na furodusan da ya fitar da shi.

Daga nan sai kuskuren jingina wa mawaƙi kiɗan. Mutane da yawa sun ɗauka kiɗan "Bam Bam" na Sister Nancy ne, alhali waƙarta ta fito a 1982, kiɗan kuwa "Stalag 17" ne, wanda Ansel Collins ya kaɗa wa furodusa Winston Riley tun 1973. Haka "Real Rock": makaɗan situdiyon Studio One na furodusa Coxsone Dodd ne suka yi shi a 1967, kafin Willi Williams ya hau shi da shekaru. Makaɗan nan su aka fi mantawa da su, kuma gumin nasu ne.

Akwai masu neman gane ridim ta busar ƙaho. Busa kan zo ta tafi, ganga ma ana sauya mata salo. A tsakiyar shekarun 1970 situdiyon Channel One ya sake kaɗa tsofaffin kiɗe-kiɗen Studio One, makaɗin ganga Sly Dunbar ya ƙara wa gangar kaifi, amma jitar bes ta ci gaba da bin tsohuwar hanyarta. Ita za ka kasa wa kunne. Ka rera ta da bakinka sau biyu, sannan ka saka ɗaya waƙar ka gwada.

Kada kuma a zuba komai a kwando ɗaya. Ridim ɗin "Sleng Teng" na 1985 daga ƙaramin kibod na Casio ya fito, na zamanin dancehall ne, salon da ya biyo bayan roots reggae.

Kai kuma mai son hawa tsohon ridim, guji kwaikwayon karin muryar wanda ya riga ka, don nan ne sata ta gaskiya take. Gwada muryarka da kiɗan tukuna, in ya yi maka sama ko ƙasa ka sa makaɗa su sake kaɗa shi daidai da kai. Idan sayarwa za ka yi, nemi izinin mai haƙƙin kiɗan a rubuce kafin ka shiga situdiyo.