Hattara da teku a yawon Sallah da lokacin damina

Teku tana cika ta janye sau biyu a kwana guda, kuma cikarta ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Ƙaramar Sallah a tsayuwar wata take, yawon Babbar Sallah kuwa yakan kai kusa da sha huɗu. Ke nan ranakun da samarin Nima, Mamobi da Sabon Zango a Accra ke cika motoci zuwa bakin tekun Labadi ko Kokrobite, su ne ranakun da ruwa ya fi hawa tudu.

Abin da ya fi cin mutane shi ne jan ruwa. Igiyar teku tana tara ruwa a gaɓa, ruwan ya nemi hanyar komawa ta wata 'yar rariya tsakanin tudun yashi. Wurin yakan yi duhu, ya kwanta lumui, igiya ba ta fashewa a cikinsa, sai kumfa da leda suna tafiya ciki. Wanda bai sani ba nan zai zaɓa, don ya ga ya fi lafiya. Kafin ka tsoma ƙafa, hau wuri mai tudu ka duba na minti 5, ka tambayi masunta, sun san wurin sarai.

In ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi. Gudunsa yana iya wuce mita 2 a daƙiƙa, gwanin iyo ma ba ya cin galabarsa, gajiya ce ke kashewa. Ba ya nutsar da mutum, fita da shi kawai yake yi. Kwanta rigingine, ɗaga hannu ɗaya a gan ka, sannan ka yi iyo gefe, bin tsawon gaɓa, har ka fita daga rariyar, igiya ta taya ka dawowa. Na waje kuma kada ya faɗa hannu rabbana. Jefa wa wanda ruwa ya ja galan marar komai da murfinsa a rufe, ko igiyar ɗauri, ka kira lambar gaggawa 112. Jallabiya da wandon jins suna shan ruwa su yi nauyi.

Masu zama a Chorkor, Glefe da kewayen tafkin Korle, damuwarsu ta ninka a watan Yuni. In ruwan sama ya haɗu da cikar teku, kogin Odaw ba ya samun mashiga, sai kwata ta tumbatsa cikin gidaje. Da ruwa ya taɓa bakin ƙofa, kashe wuta daga mita da busasshen hannu. Ghana Card (katin ɗan ƙasa), katin asibiti da takardun gida su zauna a leda tun kafin damina. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babba, na 30 yana ɗaga ƙaramar mota, ga kwata a buɗe da ba a gani. A guji fakewa a gidan mai: ranar 3 ga Yuni 2015 a shataletalen Kwame Nkrumah Circle, mai ya bi kan ruwa ya kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu. In NADMO, hukumar kula da bala'o'i ta Ghana, ta ce a tashi, a fara fitar da yara da tsofaffi.