Yadda ake lallaɓa kumburin amosanin gaɓɓai a gida

Ciwon gaɓɓai ba iri ɗaya ba ne. Akwai na tsufa, inda gwiwa ke cinyewa saboda shekaru da aikin wahala. Akwai kuma wanda likitoci ke kira rumatoyid, shi kuwa garkuwar jiki ce da kanta take juyowa ta afka wa 'yar siririyar fatar da ta lulluɓe gaɓa ta ciki, wurin ya tara ruwa ya kumbura. Yakan fara da yatsun hannu, wuyan hannu da yatsun ƙafa, dama da hagu tare. Mutum ya tashi da safe hannu a sandare, a yi rabin awa ko awa guda bai saki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi, kusan kashi 70 cikin 100 mata. Don haka da ke nake magana, 'yar'uwa, amma namijin da ke fama da shi ma ya saurara.

Da farko, cire zobe

Da zarar kin ji yatsu sun fara cika, ki zare zobe da awarwaro tun suna fita. In ya ƙi, a shafa sabulu ko man kaɗanya a murza a hankali. Takalmin da ya matse shi ma a ajiye shi.

Na biyu, taɓa ki ji me gaɓar ke so

Nan ne aka fi yin kuskure. Tun da mun saba cewa "sanyi ne", duk ciwon gaɓa sai a ɗauko ruwan zafi a gasa. To, ki ɗora bayan hannunki a kan wurin. Idan ya kumbura, ya fi sauran jiki ɗumi, yana zogi, sanyi yake so, gashi ƙara hura shi zai yi. Ki sami ƙanƙara ko ruwan leda mai sanyi, ki naɗe a ƙyalle, ki ɗora na minti 15 zuwa 20, ki ɗauke. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. Bayan awa biyu ko uku a iya maimaitawa. In babu wuta a unguwa, tsumma da ruwan randa ma yana rage wani abu. Ki ɗora hannun ko ƙafar a kan matashi domin ruwan da ya taru ya sauka.

Idan kuwa gaɓar ba ta yi zafi ba, sandarewa ce kawai irin ta asuba, ɗumi ne maganinta. A zuba ruwa a roba, mai ɗumin da za ki iya yi wa jariri wanka da shi, ki tsoma hannu kamar minti 15 kina buɗe yatsu kina dunƙulewa a cikin ruwan. Da hunturu, ki sa a cika miki fulas tun dare domin alwalar asuba. Mai ciwon suga ta sa wani ya gwada mata zafin ruwan, don ƙafarta na iya ƙonewa ba ta ji ba.

Na uku, ki huta, amma kada ki daskare

Ranar da ciwon ya motsa, a bar gaɓar ta huta da aiki mai nauyi. Sai dai gaɓa kamar ƙyaure ce, in an daina buɗe ta sai ta cije. Sau ɗaya ko biyu a yini ki lanƙwasa kowace gaɓa ki miƙar da ita iyakar inda za ta je ba tilas. Babban yatsa ya taɓa kan kowane yatsa ɗaya bayan ɗaya. A juya wuyan hannu, a miƙe gwiwa. Kada ki riƙa kwana da matashi a ƙarƙashin gwiwa tana lanƙwashe, daɗinsa na dare ɗaya ne, a hankali ƙafar za ta ƙi miƙewa. In ciwon ya lafa, ki koma tafiya a ƙasa kaɗan-kaɗan. Idan durƙuso ya gagara, salla a zaune halal ce ga mara lafiya.

Na huɗu, sauya yadda kike aiki

Ƙananan gaɓɓai su ake tausaya wa. Kada ki rataya bokiti a yatsu, ki rungume kaya da hannu biyu ko ki sa a damtse. Muciya, cokali da buroshin haƙori, a naɗa musu tsumma a mariƙi su yi kauri, riƙonsu zai yi sauƙi. Matse wanki, daka da jan guga kuwa a ba yara. Ina roƙon maigida da dangin miji su gane cewa matar da ta kasa buɗe murfin kwalba da safe, da la'asar aka gan ta tana shara, ba ƙarya take ba kuma ba son jiki ba ne. Haka ciwon yake, yana hawa yana sauka. Mai shan taba kuma ya daina, hayaƙinta na ƙara wa cutar ƙarfi.

Na biyar, maganar magani

Duk abin da na lissafa lallashi ne, ba ya hana cutar cin gaɓa ta ciki. Abin da ke taka mata birki su ne magungunan da likita ke rubutawa, irin su methotrexate, kuma an fi cin moriyarsu in an fara a watannin farko, kafin yatsu su karkace, domin wanda ya karkace ba ya komawa. Methotrexate sau ɗaya a mako ake sha, ba kullum ba, shan sa kullum na iya kisa. Ana haɗa shi da folik asid, ana kuma duba jini lokaci-lokaci. Mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta shan sa, ta gaya wa likita tun wuri. Yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kada a yi fushi a watsar.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne haɗin kyamis, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda ba suna. Sau da yawa akwai prednisolone ko dexamethasone a ciki, magunguna ne masu ƙarfi na kwantar da kumburi. Za ki ji garau cikin kwana biyu, amma in aka daɗe ana sha sai fuska ta kumbura, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni. Wadda ta riga ta daɗe a kansu kada ta yanke rana ɗaya, likita ne zai rage mata a hankali. Magungunan rage zogi, ibuprofen da diclofenac, ba a haɗa su da juna, ba a sha da yunwa, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ta nisance su. Tsaga da ƙaho a kan gaɓar da ta kumbura ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta, a bari.

Idan gaɓa ɗaya tak ta kumbura farat ɗaya fiye da yadda kika saba, ta yi zafi rau, ta ƙi taɓuwa, ga zazzaɓi ko rawar ɗari, kada a tsaya neman ƙanƙara. Mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, kuma tana iya lalata ta cikin 'yan kwanaki. A tafi asibiti a ranar, a riƙe dukan magungunan da kike sha a nuna wa likita.